Ranar da Kawu Ya Yi wa Takardar Malama Guga

Kawuna tela ne, ƙanin mahaifiyata, kuma duk layinmu ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Saigobe ake ce masa. Har yaran da ba su san mafarin abin ba haka suke gaishe shi, "Baba Saigobe, ina kwana?" Shi kuwa ya amsa da fara'a, tef a wuya, allura a gefen baki.

Sunan bai zo haka kawai ba. In ka kai masa yadi, hannu biyu zai sa ya karɓa, ya shafa, ya ɗaga shi a haske, ya yaba zaɓinka har ka ji kanka ya kumbura. Ya auna ka tun daga kafaɗa har idon sawu. Ka tambayi ranar karɓa, ya ce, "Sai gobe." In goben ta yi ka dawo, sai ya sauko da yadin, ya nuna maka wani ɗan zanen alli a can gefe, ya ce, "Ka gani? Ai an fara."

Duk da haka mutane ba sa barinsa. In rigar Kawu ta hau jikinka, ko da tumbinka ne ke riga ka shiga ɗaki, sai ka fito kamar saurayi.

Shagon a gaban gidansa yake, ƙofa ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta shiga tsakar gida. Akwai baƙin keken ɗinki na ƙafa, da faffaɗan teburin yanka wanda tsufa ya mai da shi baƙi wuluk, da bencin masu jira, da labulen da ake shiga bayansa a gwada kaya. Can sama kuma kanta ce, inda yadika ke kwana. Nakan zauna a bencin nan da yamma in na taso daga aiki, shi yana taka keke yana ba ni labari, ni ina ji. A nan na lura ba kowane aiki yake ja wa rai ba. Zif ya lalace, wandon makaranta ya yage a gwiwa, kana tsaye zai gama maka. Yadi mai tsada ne kawai ke hawa kanta.

Wata rana ya gaya mini dalili. Ya shiga koyon ɗinki tun ƙafarsa ba ta kai matakin keke ba, a wurin wani dattijo marar yawan magana. Ya yi shekara da shekaru yana guga da sa maɓalli. Ranar da aka fara miƙa masa almakashi, zumuɗi ya ɗebe shi, ya yanka yadin wani babban ɗan kasuwa, ya fitar da hannun riga biyu duk na dama. Maigidan bai dake shi ba, bai ko zage shi ba. Ƙusa ya ɗauko, ya kafe hannayen a bango daidai saitin idon Kawu, ya ce, "In ka ɓata ɗinki ka farke ka sake. In ka ɓata yanka, wa zai mayar maka?" Hannayen nan suna bango har ya gama koyo.

"Har yau," in ji Kawu, "in na ɗora almakashi a kan yadi mai kyau, sai in ga hannayen nan biyu suna ɗago mini gaisuwa."

Ko matarsa, wadda muke kira Inna, ta hanyar jan rai ya same ta. Ta kawo masa ɗinki tana budurwa, ta yi ta zarya har iyayenta suka san shi. Ita ta ce da gangan ya riƙe mata kaya don ta riƙa dawowa. Shi ya rantse yadin yake tsoro. Har yanzu ba su gama wannan shari'ar ba.

Kawu bai yi makaranta ba, kuma abin bai taɓa damunsa ba sai da masu kawo ɗinki suka koma turo saƙo ta waya. Autarsa ce ke karanta masa, ta kuma rubuta amsa. Da ta sami gurbi a makarantar koyon jinya a wani gari mai nisa, sai ya zama saƙo ya shigo, Kawu ya tsura wa waya ido, waya ta tsura masa. Ya ce ba zai riƙa yawo da sirrin mutane shago-shago yana neman mai karantawa ba. Sai ya sa sunansa a makarantar manya ta yamma, shi da mahaucin bakin layi, abokin tsokanarsa tun suna samari.

Ban taɓa ganin ɗalibi mai ɗoki irin nasa ba. Ya haɗa guntayen ƙyallaye ya ɗinka wa kansa jakar makaranta, fensir da aljihunsa, abin gogewa da nasa. Da ya fara haɗa baƙi, sai tafiya da shi a titi ta zama aiki. Kowane allon shago sai ya tsaya ya karanta da ƙarfi. Mota ta wuce da rubutu a bayanta, ya bi ta da ido yana harhaɗawa, in ta ɓace kafin ya gama ya ce, "Kai, wannan direban ba ya son ilimi!" Ranar da ya fara tura wa Auta saƙo da hannunsa, "Ina gaisuwa" kawai ya rubuta, amma duk wanda ya shigo shagon ranar sai da aka nuna masa.

Malamarsu yarinya ce, sa'ar babbar 'yarsa. Da safe ta koyar da yara, da yamma ta koyar da iyayensu. Jakar Kawu ta burge ta, sai ta kawo masa wani yadi shuɗi mai laushi da yayanta ya yo mata tsaraba, ta ce doguwar riga take so. Kawu ya shafa, ya ɗaga a haske, ya yaba. Yadi ya hau kanta. Tun daga lokacin ya tashi daga kujerar gaba a aji, ya koma bayan mahauci, inda faɗin kafaɗa ke kare shi daga idon Malama.

Da shekara ta zo ƙarshe, Malama ta raba wa kowa farar takarda guda, mai tambarin makaranta a sama. Ta ce kowa ya je gida ya rubuta yadda yake yin sana'arsa, daga kansa, da hannunsa, da biro. Ta ba su kusan wata guda. Wanda ya kawo ranar Litinin ɗin ƙarshe ya wuce aji biyu. Wanda bai kawo ba ya sake zama aji ɗaya, tare da sababbin shiga.

A ranar Kawu ya kira Auta. "In kin zo hutu, ɗan aji biyu za ki tarar! Ki rubuta ki ajiye."

Ya sa takardar a leda, ya ɗora ta a kanta, a kan yadin Malama.

Kullum da safe sai ya sauko da ita. Ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora tef ya auna faɗinta da tsawonta, ya cire murfin biro, ya gwada a tafin hannunsa. Sai ya tuna akwai wandon da bai yi wa kalmasa ba. Takarda ta koma leda.

"Ikon Allah," in ji Inna daga ƙofar tsakar gida. "Ita ma takardar sai gobe? To ita ba ta da ƙafar da za ta yi maka zarya."

Mahauci ya gama nasa tun a makon farko, ya zo shagon yana fifita da shi, har da ɗigon maiƙo a gefe. "Saigobe, in ka maimaita aji kada ka damu. Zan riƙa leƙo ka ta taga, in kawo maka alewa."

Ni ma na ce ya faɗa in rubuta masa a wata takarda ya kwafa. Ya girgiza kai. "Ɗana, Malama ta san maganata kamar yadda na san ɗinkina a jikin mutum. Bari dai, gobe zan zauna."

Me zai hana ya tambayi Malama? Yadinta. Ya ce da wane ido zai kalle ta ya ce ta taimake shi, alhali kayanta na can sama a kanta, ko zanen alli babu?

Haka aka kai ranar Asabar, jibi Litinin. Na shigo da hantsi na tarar da shi yana ta juya takardar. Yawan saukewa da mayarwa ya sa gefenta ya yamutse, kuma Kawu ba ya iya ganin abu a yamutse ya ƙyale. Ya jawo dutsen guga, ya taɓa da yatsa ya ji zafi, ya ɗora. Tana ta miƙewa sumul, yana murmushi. Daidai nan mahauci ya ƙwalo kira daga titi, "Ɗan aji ɗaya, an tashi lafiya?" Kawu ya juya don ya rama. Ramuwar ta ɗan yi tsawo.

Ni na fara jin ƙauri.

"Kawu, dutse!"

Ya fizge. Ga hancin dutsen guga nan ya fito raɗau a ƙasan takardar, ja-ja kamar gasasshen burodi.

"Wayyo ni! Na kashe ta! Na kashe ta!"

Inna ta fito a guje da ludayi a hannu, ta ɗauka yatsa ya datse. Ta dubi takardar, ta dubi dutsen, ta dubi mijinta. "Malam, guga ka yi mata? To saura ka sa mata maɓalli."

Ban gama danne dariya ba na hango Malama ta shawo kwanar layi, jaka a kafaɗa, ta nufo shagon kai tsaye. Na ce, "Kawu, ga Malama nan." Kafin in rufe baki, mutumin da ke kukan ciwon gwiwa kullum ya tsallake kwandon ƙyallaye ya faɗa bayan labule, takarda a hannu. Labulen kuwa bai kai ƙasa ba.

Malama ta yi sallama, ta gaida Inna har da rusunawa, ta ce, "Mama, Baba yana nan?"

Inna ta nuna da ludayi. "Ga dai ƙafafunsa nan, Malama. Sauran jikin ban san inda ya shiga ba."

Malama ta cije leɓe. Ta juya wajen labule ta ce, "To don Allah a gaya wa ƙafafun, ba faɗa na zo yi ba. Zan dawo da yamma in karɓi yadina yadda yake, na gaji da jira. A kuma tuna musu jibi Litinin." Ta yi sallama ta fita.

Kawu ya fito gumi na tsiyaya daga gemunsa. Ya tsaya tsakiyar shago. Wannan karon Inna ba ta yi dariya ba. A hankali ta ce, "Auta na zuwa hutu. Me za ka ce mata, sai baɗi?"

Ya dubi takardar. Ya dubi ƙofa. Sai kawai ya zura da gudu.

Takalmi ƙafa ɗaya, tef na kaɗawa a bayansa kamar wutsiya, takarda a sama, yana kiran "Malama! Malama!" Duk layi ya fito. Mai gyaran waya ya hau kan kujera. Mahauci ya saki wuƙa yana buga tebur da hannu biyu, yana ihu, "Jama'a ku fito! Saigobe yana sauri! Wallahi da idona na gani!" Ni ma na bi shi da ɗayan takalmin.

A gindin falwayar bakin titi ya cim mata. Ya dafa gwiwa yana haki, sai da numfashi ya dawo ya ce, "Malama, ki yi wa Allah ki taimake ni. Ko harafi ɗaya ban rubuta ba. Yadinki ma ban taɓa ba. Kuma na ƙona ta."

"Yadin ka ƙona?"

"A'a, takardar."

"Da me?"

"Da dutsen guga."

Ta karɓa ta duba. Ta yi ƙoƙari, na ga ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinta, sai da ta riƙe falwaya. Da ta share hawaye ta ce, "Baba, ba ni da wata, a ƙidaye aka ba ni su. Amma tambarin na nan lafiya, za a karɓa. Mu koma shago."

Ta zauna a benci ta tambaye shi abin da ya hana shi rubutu, tunda a aji yana cikin masu kyan hannu.

"A aji ke kike yankawa a allo, mu mu bi mu ɗinka," in ji Kawu. "Wannan kuwa ni zan yanka. Maganar tana nan cike da kaina, Malama, har tana hana ni cin abinci. Amma takarda ɗaya ce, biro kuma ba ya goguwa."

Ta ɗaga ido can sama, inda yadinta yake. Sai ta ce, "Baba, in an kawo maka yadi mai tsada, almakashi kake fara sawa?"

"Subhanallahi! Alli tukuna. In bai yi ba in kakkaɓe in sake."

"To ina allin?"

Ya zaro shi daga bayan kunne.

"Laifina ne ma," ta ce. "Na ɗauka kowa ya san ana fara gwadawa a wani wuri kafin a hau takarda ta gaske. Kwashe kayan teburin nan. Ka faɗa da baki, ka rubuta a kai, in bai yi ba ka goge. Ni kuma ga ni zaune, ba inda za ni. Ai na ji an ce sai mai kaya ya zauna a benci kake aiki."

"Wa ya gaya miki?"

"Duk gari."

Muka kwashe almakashi da ƙyallaye. Kawu ya naɗe hannun riga, ya tsaya gaban baƙin tebur, ya yi gyaran murya. "Da farko ina auna mutum." Ya rubuta. Ya tsallake harafi guda, Malama ta nuna da yatsa, ya sa gwiwar hannu ya goge, ya gyara. Ya tsaya yana kallon wurin da ya goge. Tas, ba alama.

"Ya tafi!" ya ce. "Maman yara, zo ki gani, ya tafi!"

Daga nan sai abin ya ɓalle. "Ina farawa da kafaɗa, domin kafaɗa ba ta ƙarya. Ciki ne ke ƙarya, in mutum ya ga tef sai ya shanye shi." Mahauci, wanda ya rufe rumfarsa ya zo kallo, ya ce da shi ake, ba zai yarda ba. Kawu ya ce, "Ban kama suna ba, amma tunda ka tsargu." Yana faɗa yana rubutawa, yana gogewa, yana zagaya tebur kamar mai rawa. Ya rubuta yadda ake jiƙa yadi kafin yanka don kada ya shige daga baya. Ya rubuta yadda ake barin rara a kalmasar wandon yaro saboda tsawo. Malama ba ta ba shi kalma ko ɗaya ba. In ya tambaya, sai ta ce, "Yaya za ka gaya wa mai koyo?" ya faɗa, ta ce, "To rubuta hakan." Alli ya yi fari a gemunsa da goshinsa. Bakin ƙofa ya cika da 'yan kallo, kowa na karanto abin da ya iya.

Da tebur ya cika, ta miƙa masa biro.

Kawu ya karɓa. Ya shimfiɗa takardar a kan murfin keke, ya yi bisimilla, ya fara kwafa. Yana duba tebur yana rubutawa. Wajen tsakiya ya maimaita wata kalma sau biyu. Ya daskare, biro a sama. Na tabbata hannayen riga biyu yake gani a bango.

"Ja mata layi ɗaya ka wuce," in ji Malama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ni ma haka nake yi."

Ya ja layin a hankali, miƙaƙƙe kamar da ma'auni, ya wuce. Da ya iso wurin ƙunar, sai ya riƙa gajarta layukan suna zagaye ta, kamar yadda yake fitar da wuyan riga. Ya ɗiga aya ta ƙarshe, ya ɗaga takardar sama da hannu biyu. Layi ya ɗauki tafi. Inna ta rangaɗa ludayi a jikin ƙofa. Ta karɓi wayata ta ce a ɗauki hoton teburin a tura wa Auta kafin a goge, a kuma ba ta labarin ƙunar.

Kawu kuwa jini ya riga ya hau. Ya goge tebur, ya taka benci, ya sauko da shuɗin yadin, ya warware shi fal. Ya zana da alli, ya kakkaɓe wani wuri, ya sake zanawa. Sannan ya ɗauki almakashi, a gaban mai kaya da duk jama'a, ya shiga yanka. Ƙarar almakashin nan a kan tebur, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ban taɓa jin daɗinta kamar ranar ba. Da ya fitar da hannaye ya ɗaga su ya duba da kyau. Ɗaya na dama, ɗaya na hagu.

"To Baba, yaushe zan zo?" in ji Malama.

Kawu ya buɗe baki. "Sai..."

"Kai!" Duk shagon ya ɗauka baki ɗaya.

"Sai Laraba nake so in ce! Ku bar mutum ya gama magana mana!"

Ranar Litinin ya riga mai gadi isa makaranta. Malama ta sa shi ya tashi ya karanta a gaban aji, aka yi ta dariya a wurin maganar ciki, mahauci ya fi kowa. Da aka kira sunayen 'yan aji biyu, nasa na ciki. Ya dawo gida yana ɗaga jakarsa tun daga bakin layi. Kafin ya zauna saƙon Auta ya shigo, ya ce kada wanda ya taɓa masa waya. Ya bi shi da yatsa, ya karanta mana da kansa: "Baba, na ga tebur. Ka ajiye mini takardar, amma don Allah kada a sake yi mata guga."

Rigar Malama ba ta samu ranar Laraba ba. Alhamis ta karɓa, kuma Kawu ya ce a tarihin shagon ba a taɓa yin sauri irin wannan ba. Sunan ma bai bar shi ba, har yau Saigobe ne, kanta kuma ba ta rasa yadi ɗaya ko biyu masu jiran ranarsu.

Sai dai yanzu in ka shiga shagon, ka duba kusurwar teburin yanka kafin ka ajiye kaya. Sau da yawa akwai rubutun alli a wurin. Saƙo ne yake shirya wa Auta ko wani mai kaya, ya goge, ya gyara, sannan ya kwafa a waya. Jiya na leƙa na ga ya rubuta, "Rigarka tana nan, ka zo gobe." Yana tsaye a kai, alli a hannu, gwiwar hannunsa na shawagi a saman kalmar ƙarshe.